Sandar da Anti Ta Goge

Dokokin ajin Mubaraka ba su da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ranar hawa sanda ba a shafa mai. Ba basilin, ba man zaitun, ba man kanti mai ƙamshi, ko ɗigo. Gara mace ta zo mata furu-furu kamar wadda ta kwana a toka, da ta zo tana sheƙi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sandunan na ƙarfe ne, sumul-sumul, guda huɗu a jere daga ƙasa har rufi, a wani ɗakin motsa jiki da ke bayan jerin shaguna a garin Beltsville, can Amurka. Ba igiya, ba ƙugiya. Babu abin da ke riƙe mutum a sama sai fatarsa: tafin hannu, cinya, bayan gwiwa. In fata ta kama ƙarfe, ko kai ƙasa mace ta juya tana nan daram. In kuwa da maiƙo a tsakani, sai dai a tsince ta a ƙasa.

Becky, Baturiyar da ke da wurin, ita ta ba Mubaraka makulli na kowace Lahadi bayan azahar. Mata ne zalla, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, masu aikin kula da tsofaffi, masu kitso, da ma'aikatan rediyo biyu. A kulle ƙofa, a saki labule, a zuba wayoyi a kwando, sannan a tuɓe hijabi da dogayen riguna a koma gajeren wando. Masu tsoron ƙarfe suna da dogayen ƙyallayen lilo da ke rataye a ɗaya gefen. Amma kafin a kai ga wannan duka, sai kowa ta bi ta hannun Mubaraka a bakin ƙofa. Ta ja yatsa a damtsenki, ta ja a bayan gwiwarki, ta kai hanci. In ta ji santsi, banɗaki za ki, ga sabulun wanke kwano can yana jiranki. Ta taɓa mayar da matar wani babban likita sau biyu a rana ɗaya. Matar ta yi fushi ta ɗauki jakarta, Mubaraka ta buɗe mata ƙofa da hannunta. Ko a jikinta.

Doka ta biyu ƙanwar ta farko ce. Duk wadda ta sauka, a fesa wa sandar ruwan sifirit a dirje ta da tsumma. Wadda za ta hau kuma ba ta taɓa ƙarfen sai ta tambaya, "An goge?" Sai malama ta amsa da bakinta, "An goge." Shekara huɗu ana haka, kuma mafi girman raunin da aka taɓa samu a ajin shi ne targaɗen yatsa. Mubaraka tana alfahari da wannan, har da ɗan ɗaga hanci.

To, sai ranar da Anti Azaratu ta zo.

Anti Azaratu ba 'yar uwar Mubaraka ba ce ta jini, amma duk faɗin Amurka ba ta da wadda ta fi ta. Shekara tara da suka wuce Mubaraka ta sauka daga Zariya da akwati ɗaya da lambar wayar wani ɗan garinsu da bai taɓa ɗagawa ba. Wannan doguwar matar, 'yar zangon Kumasi, ita ta tsince ta a masallaci, ta kai ta gidanta a Silver Spring, ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin 'yarta Samiha. Shekara biyu tana cin tuwon gidan. Anti ce ta koya mata shiga jirgin ƙasa na Metro, ita ta saya mata rigar sanyi ta farko. Da mahaifiyar Mubaraka ta rasu a gida kuma ba halin tafiya, a cinyar Anti ta yi kukan har ya ƙare.

Shi ya sa abin ya yi mata zafi da Anti ta juya mata baya. Matan masallaci ne suka kai gulma, wai Mubaraka ta tara 'ya'yan mutane tana koya musu rawar gidan giya, kuma wadda ta fi kowa iyawa ita ce Samiha. Na biyun gaskiya ne. Samiha shekararta ashirin da uku, saura mata zango ɗaya ta gama karatun aikin jinya, kuma in ta hau sanda sai ka rantse ba ƙashi a jikinta. Anti ta ce ta daina. Samiha, haihuwar nan, ta amsa da Turanci cewa ba za ta daina ba. Wata uku in Mubaraka ta kira gaisuwa, "lafiya lau" kawai take samu, sai a kashe waya. Ƙarshe ta je har gida ta durƙusa.

"Anti, ki zo sau ɗaya ki gani da idonki. In kin ce babu kyau, ni da kaina zan sallami Samiha."

Anti ta daɗe tana kallon talabijin kafin ta ce, "Sau ɗaya."

Lahadin ta faɗo a tsakiyar Janairu, ana sanyi mai tsaga fata, ƙanƙara ta yi baƙi a gefen wurin ajiye motoci. Mubaraka ta riga kowa zuwa, ta share inda ba ya buƙatar shara, ta jera katifu a gindin kowace sanda. A bakin ƙofa ta kama Loveth, wata mai kitso, da man gashi a hannu, ta tura ta banɗaki. Sai ga Samiha ta shigo, mahaifiyarta na biye da ita fuska a ɗaure.

Mubaraka ta russuna. "Sannu da zuwa, Anti. Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne." Anti ta miƙo hannu ta ɗago ta.

Tun kafin hannun ya iso, hancin Mubaraka ya gaya mata. Man kaɗanya ne, ɗanye, mai warin hayaƙi, wanda ƙanwar Anti ke aiko mata daga Kumasi a cikin roba, su suna ce masa nkuto. Shekara biyu Mubaraka ta kwana ta tashi cikin wannan warin, ko a mafarki ta san shi. Anti ba shafa shi take ba, lafta shi take, daga goshi har tafin ƙafa, balle a irin wannan sanyin. Hannunta ya zame a cikin na Mubaraka kamar sabulu.

"Na gaya mata fa, Yaya," in ji Samiha da Turanci. "Tun jiya."

"Ei! Wa zai fito a wannan sanyin ba mai? Ni ƙadangaruwa ce?" Anti ta juyo ta kalli Mubaraka ido cikin ido. "Ko akwai magana?"

Akwai magana mana! Tana nan a kan harshenta, ta faɗe ta sau ɗari ga mata ɗari: banɗaki na hannun dama, sabulu na kan famfo. Amma matar nan mai shekara hamsin da shida, da furfura a gefen ɗankwali, wadda ta ciyar da ita, wadda sai da aka yi wata uku ana lallashi kafin ta tako, a ce a gaban yara ta tura ta ta wanke jiki da sabulun kwano? Ina! Bakin ya ƙi buɗuwa.

"Babu, Anti. Bismillah, shigo."

Loveth, da ta fito tana yarfe hannu, ta kalle ta ta taɓe baki. Mubaraka ta yi kamar ba ta gani ba. Ta riga ta tsara abinta a zuci. Anti kallo ta zo yi, ba hawa ba. In ma ta taɓa sanda, ta can ƙarshe za a ba ta, daga baya a dirje ta da sifirit. Mene ne a ciki?

Anti ta zauna a kujera ta harɗe hannu a ƙirji, tana jiran ta ga iskancin da aka ba ta labari. Abin da ta gani, mata ne suna nishi, suna ƙirga ɗaya zuwa goma, gumi na tsatstsafo musu. Wata uwar 'ya'ya huɗu ta ɗaga jikinta daga ƙasa karo na farko a rayuwarta, ta sauko tana kabbara. Fuskar Anti ta fara sakewa. Can ta yafito Mubaraka.

"Abin nan yana maganin ciwon baya?"

Shekara ashirin tana ɗaga tsofaffin Turawa daga gado zuwa kujera, bayan ya daɗe da gajiya.

"Sosai ma, Anti."

Sai kawai ta miƙe ta cire abaya, ta naɗe wando zuwa gwiwa. Ɗakin ya kaure da guɗa. Mubaraka ta kai ta sandar ƙarshe, ta nuna mata yadda za ta kama sama ta saki nauyinta. Anti doguwa ce, hannunta ya kai inda na wasu ba ya kai wa. Ta saki jiki, bayan ya ce ƙas, ta ce, "Allahu Akbar, ya buɗe!" Daga nan ta rungume ƙarfen da damatsa da ƙwauri wai ita ma sai ta hau, ta sulalo, ta sake, ta sulalo, tana dariya har da hawaye. Rabon da Mubaraka ta ji wannan dariyar wata uku ke nan. Daɗi ya kusa kashe ta.

Da Anti ta gaji ta saki sandar, Mubaraka ta ɗauko kwalbar sifirit da tsumma. Anti ta fizge tsumman.

"Kawo nan. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ina goge wa Turawa gida tun ba ki san hanyar Amurka ba, sanda ɗaya ce za ta gagare ni?"

Ta kama ƙarfen ta dirje shi da busasshen tsumma, sama da ƙasa, da ƙarfinta duka. Duk wanda ya san man kaɗanya ya san busasshen tsumma ba ya cire shi, shimfiɗa shi yake yi. Sandar ta ɗauki ƙyalli. Anti ta ja baya tana haki.

"Dubi nan, kamar madubi. Ya yi ko bai yi ba, malama?"

Malama! Anti da bakinta. Kwalbar tana hannun Mubaraka, yatsanta a kan abin fesawa. Fesawa biyu ce kawai da shafa ɗaya. Amma ta bi bayan aikin babba ta sake, a gaban idonta, a gaban mutane, kamar ta ce mata ƙazama?

"Ya yi, Anti."

Bari ta tashi shan ruwa sai in goge, in ji zuciyarta. Anti ba ta tashi ba. Nan ta zauna daɓas a gefen katifar, ta miƙe ƙafa, ta ɗaga murya. "Samiha! Zo ki nuna min abin nan da ake ta kawo ƙararki a kansa."

"Samiha, hau ta tsakiya," Mubaraka ta ce da sauri.

"Da mutum a kai," in ji Anti. "Me wannan ta yi? Ba yanzu na goge ta a gabanki ba?"

Samiha tana can wajen ƙyallayen lilo lokacin da aka yi gugar, ba ta ga komai ba. Ta taho da ɗan gudunta, murna fal fuskarta, yau uwarta da kanta ke cewa ta hau. Ta tsaya a gindin sandar, hannu a ƙugu, ta yi tambayar da ba ta taɓa juyawa zuwa Turanci ba.

"An goge?"

Anti ta ɗago kai tana kallon Mubaraka tana murmushi.

"An goge," in ji Mubaraka.

Ta matso kusa ta buɗe hannuwa don ta tare ta. Samiha ta ce, "Yaya, matsa mana, kin tare wa Mma." Mubaraka ta ja baya. Taku biyu kawai.

Samiha ta kama, ta cilla ƙafafu sama, ta juya kai ƙasa, ta naɗe bayan gwiwa ɗaya a sandar, daidai inda hannun Anti ya kai. Ta saki hannu ɗaya. Ta saki na biyu. Ta buɗe su tana yi wa uwarta murmushi a juye, Anti ta fara tafi.

Ba wani tsayi ba ne fa. Tsakanin kanta da katifa bai fi kamu biyu ba. Amma ƙafar ba zamewa ta yi a hankali ba, suɓucewa ta yi gaba ɗaya, jikin duka ya sauko a kan wuya. Ƙarar ma ba ta da yawa, kamar an karya rake a ɗakin maƙwabta.

Wuri ya kaure da salati. Samiha na kwance a karkace, ido a buɗe. Wata ta ruga ɗebo ruwa a yayyafa mata. Anti ta rarrafo ta cusa hannu ƙarƙashin kan 'yarta za ta ɗora shi a cinya.

"Kar ki taɓa ta!"

Mubaraka ce, kuma Anti take yi wa tsawa.

"Cire hannunki! Na ce ki cire! Matsa can!"

Ta ture ta da kafaɗa, ta durƙusa, ta riƙe kan Samiha da tafuka biyu yadda aka koya mata. Ta ce Loveth ta ɗauko waya a kwando ta kira motar asibiti, ta ce a lulluɓa wa yarinyar zane, ta ce duk wadda ta ƙara matsowa za ta gamu da ita. Ashe bakin yana buɗuwa. Ashe ana iya yi wa Anti tsawa ƙasa ba ta tsage ba. Minti biyar da suka wuce ne kawai abin ya gagara.

"Yaya," Samiha ta ce da Turanci, a natse, kamar mai ba likita rahoton majinyaci. "Ba na jin ƙafafuna."

Mata suka rarumi hijabai kafin mazan motar su shigo. Aka sa wa Samiha abin tallafe wuya, aka ɗaure ta a kan allo, Anti ta bi su da takalmi ɗaya a ƙafa. Sauran suka watse. Mubaraka ta tsaya rufe wuri, ita kaɗai da sanduna huɗu.

Kwalbar tana nan inda ta yar da ita. Ta ɗauka, ta fesa, ta goge da sabon farin tsumma. Tsumman ya fito rawaya-rawaya. Ta sake fesawa, ta sake gogewa, sau uku, har ƙarfen ya fara kuka a ƙarƙashin hannunta. Ta cusa tsumman a jaka. Ba ta tambayi kanta dalili ba, ta san shi sarai.

Kafin awa guda Becky ta iso a gaggauce. Ta hau tsani ta duba kusoshin sama, ta duba na ƙasa, komai daram. Ta shafa tafinta a sandar, tas. Ta ciro fom tana cikewa a tsaye.

"An goge sandar kafin ta hau?"

"An goge."

Na biyun ya fi na farko sauƙin fita, kuma wannan ne ya sa Mubaraka ta ji ƙyamar kanta.

An yi wa Samiha aiki, aka sa mata ƙarfe a wuya. Likita ya ce hannuwa za su dawo, ko ba duka ba. Da aka zo kan ƙafafu sai ya fara zaɓen kalmomi. Samiha ta ce a nuna mata hoton. Ta karanci abin a makaranta, ba ta buƙatar tafinta. Ta kalle shi na ɗan lokaci, ta rufe ido, ba ta ƙara tambayar kowa komai ba.

Matan masallaci suka yi ta zuwa dubiya da kulolin abinci, kowacce da "ai dama mun faɗa" a ƙarƙashin harshe. Ranar da ɗaya ta yi gangancin fito da ita fili, Anti ta miƙe tsaye a barandar asibitin.

"Duk wadda ta zagi Mubaraka ni ta zaga! Ina wurin, da idona na gani. Likita da bakinsa ya ce da na ɗaga kanta da numfashin ma ya tsaya. Yarinyar nan ce ta hana ni. Ƙaddara ce, ko a banɗakin gida sai ta same ta."

Albarkar da Mubaraka ta yi wata uku tana nema, ga ta nan ta zo, kullum, safe da yamma. "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Kowacce ta sauka sai ta ji kamar an ɗiga mata tafasasshen mai. Ta mayar wa Becky makulli ta ce hutu take so. Abinci ya daina shiga. A cikin jirgin Metro takan zauna tana jera kalmomin da za ta faɗa wa Anti, ta gyara, ta sake jerawa. In ta iso ta ga matar tana ba 'yarta kunu da cokali, sai ta ce gobe.

A mako na bakwai aka mayar da Samiha wata cibiyar koyon zama da motsi. Ranar wata Laraba da yamma Mubaraka ta tura ƙofar ɗakin, warin ya tare ta tun daga nan. Anti na zaune a bakin gado, robar nkuto a buɗe, tana murza wa 'yarta ƙafa. Ƙafafun da suke naɗe ƙarfe kamar igiya sun fara sirancewa.

"Nas ta ce a riƙa shafawa kar fatar ta tsage," in ji Anti. Ta dubi agogo. "La'asar na wucewa. Ungo, ƙarasa mata ɗayar, bari in yi sallah."

Ta fita. Mubaraka ta lakato man, ta narkar da shi a tafi, ta fara shafawa daga idon sawu. Samiha na kallon rufi. Da ta yi magana, da Hausa ta yi, Hausarta mai ɗingishi wadda ba ta cika fito da ita ba.

"Yaya. Ranar ma na ji warin nan."

Hannun Mubaraka ya tsaya.

"Da na juya, hancina ya zo kusa da ƙarfe. Na ji warin Mma a jiki. Amma na riga na saki hannu." Ta juyo da ido kan Mubaraka. "Tun farko ma na ji santsi. Na ce gumina ne. Tunda Yaya ta ce an goge."

Injin ɗumama ɗaki na ta gurnani a jikin bango.

"Kin sani?" in ji Samiha.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun daga bakin ƙofa."

"To me ya sa?"

Mubaraka ta lalubi amsa mai nauyi, wadda za ta kai girman abin da ke kwance a gabanta. Babu. Wadda take da ita kaɗai ta bayar.

"Kunyarta na ji."

Samiha ta yi wata gajeriyar dariya da ta koma tari. Mubaraka ta kai hannu za ta taimaka, ta ce ta bari. Da tarin ya lafa ta sauke ido ta kalli ƙafafunta, ta daɗe tana kallonsu.

"Yau zan gaya mata," Mubaraka ta ce, hawaye na ɗiga a kan zanen gado. "Tana dawowa. Wallahi yau. Zan ce laifina ne, ba nata ba, zan ce ni ce..."

"Za ki ce me?" Samiha ta koma Turanci, muryar ta yi kaifi. "Duk yadda kika juya shi, abu ɗaya za ta ji. Manta ne, kuma hannunta ne ya goge. Kin san sau nawa take juya ni a rana? Ita ke wanke ni. Ita ke canza min abin da ba zan faɗa miki ba. Tana iyawa ne don ta yarda Allah ne kaɗai ya yi. In kin ƙwace mata wannan, wa zai juya ni? Ke?"

"Samiha..."

"Ba don ita kike so ki faɗa ba. So kike ki sauke nauyinki a kanta ki samu barci."

Gaskiya ce, tsirararta, kuma Mubaraka ba ta da abin rufe ta.

"Ranar da maganarki za ta yi amfani kin yi shiru. To ki ci gaba da shirun. Har ta mutu, ko ke ki mutu. Ni na ɗauki nawa, ke ma ɗauki naki. Kuma kar ki daina zuwa, za ta tambaya."

"Ki yafe min, don Allah."

"Ban sani ba tukuna. Ƙarasa ƙafar, ga ta nan zuwa."

Anti ta shigo da carbi a hannu, tana ƙarasa addu'a a leɓe. Ta ga idon Mubaraka ja wur, ta girgiza kai.

"Haba 'yata, kuka kuma? Ke da Allah ya sa kika cece ta? Share, share." Ta kamo hannuwanta biyu ta juya su. Shekara huɗu na sifirit sun busar da bayan hannun, ya tsattsage a gaɓoɓi. "Ei, dubi hannunki! Kamar na mai faskare. Ba kya kula da kanki, matsalarki ke nan."

Ta jawo jakarta ta fito da wata 'yar roba mai shuɗin murfi.

"An kawo min sabo daga gida. Wannan naki ne, tun jiya na ɗebar miki. Safe da yamma, kin ji ko? Yanzu ai ba sandar da za ta hana ki."

Samiha na kallonta daga kan filo, ko ƙiftawa ba ta yi. Mubaraka ta russuna ta karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Anti. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Buɗe ki shafa in gani."

Ta buɗe, ta lakato, ta shafa a bayan hannun dama, ta shafa a na hagu. Anti ta tsaya a kanta har sai da man ya shige.